JAWABI A KAN SHAWARAR DA TOSHEWAR HANYAR MAƊACIYA KE KAWOWA

 Maganar yau a kan shawara ce. Kowa ya san idon mai shawara, amma ba kowa ya san ciwon iri-iri ne ba. Wata zazzaɓin cizon sauro ke kawo ta, wata ciwon hanta, wata amosanin jini. Akwai kuma wadda toshewa ke kawowa, wadda ba a magance ta da jiƙo.

Ga yadda abin yake. Kullum hanta tana yin ruwan ɗaci wajen rabin lita ko fiye, ya taru a maɗaciya, sa'an nan ya bi wata siririyar hanya ya zuba cikin hanji, ya taimaka wajen narkar da maiƙo. Manomin rani na Watari ya san abin da ke faruwa in magudana ta cushe: ruwa ya koma baya, ya ɓata shuka. To, haka nan in tsakuwa ko ciwon daji ya toshe hanyar nan, ɗacin sai ya koma cikin jini. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ƙaiƙayi ya hana barci. In zazzaɓi da rawar sanyi suka biyo baya, ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan, kada a kwana ba a tafi asibiti ba.

A da sai an tsaga ciki. Wajen 1980 wani likita a Hambug ta Jamus, Nib Soehendra, ya nuna ana iya zura madubin likita ta baki har hanji, a cusa ɗan bututun roba cikin hanyar, ruwa ya wuce. Kaurin bututun wajen milimita 3 ne, watau kamar bututun tawadar biro. Amma wani lokaci ƙari kan rufe ƙofar, madubin ya kasa kaiwa. A 2001 likita Marc Giovannini na Marsai a Faransa ya kawo wata dabara: na'urar hoto a bakin madubin tana hango hanyar daga cikin hanji, a huda da allura, a kafa bututun, ɗaci ya sami sabuwar mafita.

Bututun roba ya fi na ƙarfe araha, kuma cire shi ba wuya. Aibinsa shi ne yakan cushe, galibi bayan wata 3 ko 4, wani lokaci kuma ya goce daga mazauninsa. Ba ya kashe ciwon daji, sauƙi yake kawowa, mutum ya ci abinci, ya sami barci. Aikin kuwa na ƙwararru ne a manyan asibitoci. Mataki na fari shi ne gwajin jini da hoton ciki, daga nan likita ya san inda zai tura mutum, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Saboda haka ana roƙon hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su riƙa kai rahoton mai shawara da wuri, ko da ana tsakiyar noma ne. Malamai su rubuta ranar da ciwon ya fara, da kalar fitsari da bayan gida, a ba mai jinya ya kai wa likita. In mutane da yawa suka kamu a ƙauye ɗaya, a sanar da malamin lafiya, don a duba ruwan sha. Wanda aka sa wa bututu kuwa, a rubuta ranar a littafi, a tuna wa iyalinsa ranar komawa, kada jin sauƙi ya ruɗe su. In ido ya sake yin rawaya, ko zazzaɓi ya taso, a koma nan da nan.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa shugabanni basira, amin.