Gyaran Kulocin Porsche 944

Yau maganar kuloci za mu yi, kulocin tsohuwar motar tsere ta Jamus, Porsche 944, wadda aka fara ƙerawa a 1982. Ra'ayina shi ne, in an buɗe kulocin, a canza komai.

Ga dalili. Injin motar nan yana gaba, akwatin giya yana baya, wani dogon bututu ya haɗa su. Kafin bakanike ya kai ga kuloci, sai ya kwance salansa, ya sauke akwatin giya, ya ja bututun baya. Aiki ne na yini guda, ko fiye. Faifan kulocin na asali kuma yana da roba a tsakiyarsa. In ta tsufa sai ta tsattsage, direba ya riƙa jin ƙwal duk sanda ya ɗaga ƙafa daga totur. Wani zai ce, faifai kaɗai ya lalace, me ya kawo sayen farantin matsi da boris? Gaskiya ne, kayan da tsada. Amma tare suka tsufa, tare suka sha zafi. In boris ya fara kuka bayan wata biyu, sai an sake sauke komai, a sake biyan kuɗin aiki. In an buɗe, a canza komai, jama'a.