Takardar da Zamaninta Ya Wuce: Darasi daga Masu Aikin Sa Kai



Wannan lacca ta shafi tambaya guda: me ya kamata a yi da takardar bayani wadda ta faɗi gaskiya jiya, amma yau tana ɓatar da mai karatu?

A fara da misali na kusa. Kafin ranar 2 ga Afrilu, 1972, motoci a Nijeriya hannun hagu suke bi, a Jamhuriyar Nijar kuwa hannun dama. Direban da ya ɗauko kaya daga Tozai, ya bi ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, tilas ne ya sauya hannu da zarar ya ƙetare iyaka. Tun daga wannan rana Nijeriya ta koma hannun dama. Littafin dokokin hanya da aka buga a 1970 bai yi ƙarya ba, amma wanda ya koya wa yaron mota tuƙi da shi a yau ya tura shi ga halaka.

Irin wannan matsala ce ta sami masu rubuta manhajar kwamfuta ta kyauta, watau wadda kowa ke da izinin karantawa da gyarawa. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana cikin mafi shahararsu, kuma yawancin masu kula da shi 'yan sa kai ne. A watan Disamba na 2008 suka fitar da Python 3, wanda ya saɓa wa Python 2 a wurare da dama. Alal misali, in an ce wa Python 2 ya raba 7 gida 2, sai ya ba da 3. Python 3 kuwa 3.5 yake bayarwa. Ɗalibin da ya bi tsohon bayani zai sami amsar da bai zata ba, kuma injin ba zai yi masa gargaɗi ba.

Da farko an tsai da 2015 don daina kula da Python 2. Da aka ga jama'a ba su shirya ba, sai a 2014 aka ɗage zuwa 1 ga Janairu, 2020. Da lokacin ya cika, ba su shafe tsofaffin takardun ba, domin akwai ma'aikatun da har sannan suke dogara da su. Ba su kuma bar su kara zube ba. Sun rataya wa shafukan sanarwa a sama, cewa wannan bayani na tsohon zubi ne da aka daina kula da shi, suka kuma nuna hanyar zuwa sabo.

Me ya sa wannan aiki ke da wuya a wurin 'yan sa kai? Dalili na farko shi ne, wanda ya rubuta sabon babi yana samun yabo, wanda ya janye tsoho kuwa ba mai tunawa da shi. Na biyu, akwai kunya: marubucin tsohon shafi abokin aiki ne da ya ba da lokacinsa kyauta, ba a son a ɓata masa rai. Na uku, tsohon shafi ya daɗe a intanet, mutane da yawa sun yi nuni gare shi, saboda haka shi ne mai nema yakan fara cin karo da shi.

Ma'aikacin gwamnati a Sakkwato ya san wannan hali. Jihar Arewa maso Yamma ta 1967 ta rabu a 1976, aka cire Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991, aka cire Zamfara a 1996. Naira ta maye gurbin fam a 1973. Kowane canji ya bar takardun umurni da fom-fom a cikin akwatunan ofis, kuma sabon akawu ba shi da hanyar rarrabe mai aiki da wanda aka soke sai in an rubuta masa.

Darasin dai abu huɗu ne. A sa wa kowace takarda kwanan wata. In zamaninta ya wuce, a rubuta haka a fuskarta. A nuna wadda ta gaje ta. Sa'an nan a ɗauke ta daga teburin aiki zuwa ma'ajiya, kamar Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda mai bincike zai same ta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san ko ta yaushe ce.

Allah ya sa a amfana. Wassalam.