Antibodi da Labarin p53, Mai Gadin Ƙwayar Halitta



A shekarar 1979, a wani ɗakin binciken kansa da ke Landan, David Lane da Lionel Crawford sun jefa ƙugiya don kamo furotin ɗin wani bairos na birai mai suna SV40, wanda ke iya mai da lafiyayyar ƙwayar halittar ɓera ta koma ta kansa. Ƙugiyar tasu antibodi ce, wato sinadarin nan da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya gane baƙo ya maƙale masa. Da suka jawo, sai ga wani furotin daban manne da na bairos ɗin, kuma na ɓeran ne da kansa. A wannan shekarar ce Daniel Linzer da Arnold Levine na Jami'ar Princeton a Amurka suka ci karo da shi su ma. Awon farko ya nuna nauyinsa kilodalton 53, sai aka raɗa masa p53. Daga baya an gano ainihin nauyin bai wuce 44 ba, amma suna ya riga ya bi shi.

Shi p53 ɗaya ne daga cikin furotin kusan 1,600 a jikin ɗan'adam da ke riƙe da makullin gado. Littafin gado, wato DNA, iri ɗaya ne a ƙwayar hanta da ta fata. Abin da ya bambanta su shi ne shafin da aka buɗe da wanda aka rufe, kuma masu makullin nan ne ke zama a kan DNA su ce a karanta nan, a bar can. Su ke ba ƙwaya izinin rabuwa biyu, su ke tsayar da ita. Matsalar mai bincike ita ce ba su da yawa, ba su da launi, suna ɓoye a cibiyar ƙwaya cikin dubban furotin. Ba ya ganinsu sai da antibodi.

Abin da ya sauƙaƙa aikin ya faru ne a Kambirij a 1975, lokacin da Georges Köhler da César Milstein suka haɗe ƙwayar saifar ɓera mai ƙera antibodi da ƙwayar kansa wadda ba ta daina yaɗuwa. Abin da ya fito yana zubo antibodi iri ɗaya tak, yau da gobe, ba ƙarewa. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1984.

Shekara goma masana suka yi suna yi wa p53 kallon mai laifi. Duk inda aka sa antibodi a ƙwayar kansa sai a tarar da shi jibge, a lafiyayyar ƙwaya kuwa da ƙyar ake ganinsa, don haka aka ɗauka shi ke hura wutar cutar. Sai a 1989 rukunin Bert Vogelstein a Baltimore, da ke nazarin kansar hanji, da kuma rukunin Levine, suka nuna cewa abin da ake gani jibge ɗin gurɓatacce ne. Lafiyayyen p53 birki ne. Idan DNA ta ji rauni, shi ke tsayar da ƙwaya a yi gyara, in gyara ya gagara ya umarce ta da ta mutu. Jiki kan rushe shi cikin mintuna kaɗan idan babu aiki, amma gurɓataccen ba ya rushewa, sai ya taru. A 1992 Lane ya kira shi mai gadin gado, kuma yau an san ya lalace a kusan rabin kansar ɗan'adam. Antibodi ba ta yi ƙarya ba a waccan shekara goma. Fassarar ce ta karkace.

Wannan taruwar ce likitan nazarin tsoka ke amfani da ita kullum. Za a yanko ɗan ƙari, a daskarar da shi cikin kaki, a fere shi siriri fiye da fatar albasa, a shimfiɗa a gilashi, a ɗiga antibodi irin su DO-7. Ƙarƙashin madubin ƙara girma, cibiyoyin ƙwayoyin da p53 ya taru a ciki sukan rine ruwan goro, ɗigo-ɗigo, sauran kuma su tsaya shuɗi-shuɗi. Gwani ya san rinewar ko'ina alama ce, rashin rinewa kwata-kwata ma alama ce, domin wani gurɓacewar kan hana a ƙera furotin ɗin baki ɗaya.

Labarin ya taɓa rumbun manomi. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin. A 1991 aka gano cewa masu kansar hanta a Qidong ta ƙasar Sin da kudancin Afirka suna da rauni a wuri guda cikin gadon p53, gurbi na 249, kuma daga baya an ga irinsa a Gambiya. Idan gubar ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yakan ninka. Duk ƙasar da ke cin ƙuli-ƙuli da tuwon masara tana da ruwa da tsaki a wannan bincike.

Sai dai ƙugiya kan kamo abin da ba shi aka nufa ba, kuma nan ne abin ke da ciwo. A 1996 aka gano ER-beta, wani mai makulli da ke amsa sinadarin estirojin, aka yi shekaru ana wallafa bincike kan rawarsa a kansar mama. A 2017 masu bincike a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake amfani da su wajen nemansa, suka tarar ɗaya ce kaɗai ke kama shi ba tare da kuskure ba, kuma da ita ba su same shi a tsokar mama ba. A 2023 ƙungiyar YCharOS ta Kanada ta gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, fiye da rabi suka faɗi a gwaji ɗaya ko fiye. Kuɗin bincike da shekarun ɗalibai ne suka bi ruwa, ga kuma majinyata da ke jiran sakamako.

Gwajin da ke raba gardama ba shi da wuyar fahimta. Da fasahar CRISPR ake cire gadon furotin ɗin daga wasu ƙwayoyi, a ajiye su gefen waɗanda ba a taɓa ba, a ɗiga wa duka antibodin. Idan rini ya fito a masu furotin, ya ɓace a waɗanda aka cire wa, kwalbar antibodin ta ci jarrabawa. Idan ya fito a duka biyun, wani abu daban take kamawa, komai kyawun takardar da ke manne a jikinta. Ɗalibin da ke shirin aiki kan p53 ko wani mai makulli irinsa, ya fara da wannan gwajin, ya kuma rubuta lambar kwalbar da ta rukunin da aka ƙera ta a littafinsa, domin wanda zai maimaita aikin a wani ɗakin ya san da wace ƙugiya aka yi kamun.