Keso Da Lambar Da Ba Ta Barin Saura

Yau ba sabon baƙi na kawo muku ba, lissafi za mu yi. Kowa ya ɗauko allonsa.

Ku rubuta 20,000. Zamanin da ake ciniki da wuri, kakanninmu suna kiran wannan adadi keso. To, keso yana rabuwa biyu daidai, watau cika ne, ba mara ba. Ba sai kun ƙirga ba, ku dubi lambar ƙarshe: in 0, 2, 4, 6 ko 8 ce, cika ke nan. Yana kuma rabuwa huɗu, da biyar, da takwas, da goma. Amma a ba mutum uku keso su raba, kowa zai sami wuri 6,666, biyu su yi saura. A kan irin wannan saura ake ɓata zumunci.

Ga dabarar ganewa. Ku tara lambobin da ke cikin adadin. In abin da ya fito yana rabuwa uku, adadin duka yana rabuwa uku. Haka kuma tara. Na keso 2 ne kurum, shi ya sa ya ƙi.

Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, da fam da sule ake sayen gyaɗa. Fam ɗaya kwabo 240 ne, mutum uku kowa ya ɗauki sule shida da kwabo takwas, ba gardama. Naira da ta zo a 1973 kwabo 100 ce. Ta fi sauƙin ƙirga, amma ni a ganina fam ya fi ta daɗin rabo.

Yanzu ku rubuta 2,520. Ba ta kai keso yawa ba, amma ta fi shi hali. Tun daga mutum biyu har goma, kowane taro zai raba ta ba saura, ba kuwa wata lamba ƙasa da ita da ke iya haka. Mutum bakwai, kowa 360. Takwas, 315. Tara, 280. In kun manta ta, ku ɗauki kwana bakwai na mako sau talatin na cikakken wata, ya ba ku 210, sa'an nan sau goma sha biyu na watannin shekara.

Ga aikinku na gida. A ce manoma tara daga Zurmi sun haɗa kaya, sun aiki ɗayansu kasuwar Shinkafi, ya sayar naira 45,360. Ya komo ya miƙa wa kowa 5,000, ya ce ragowar ba ta rabuwa, bari ya riƙe. Ku tara 4, 5, 3, 6 da 0, ku gani ko gaskiya ya faɗa. Ran da muka sake haɗuwa, in Allah ya kai mu, kowa ya zo mini da abin da kowane manomi ke binsa.