Ɗakin da Ke Ƙarƙashin Majami'a: Jawabi a Kan Gyaran Kekuna Domin Yaran Unguwa

  An ce mu yi magana a kan hidimar yara, mu kuwa da zancen keke muka zo. A yi mana haƙuri a ji dalili.

Duk mai karanta Ru'ya ta Yohanna ya san Filadelfiya, ikilisiyar nan ta sura 3 wadda Ubangiji ya shaida cewa ba ta da ƙarfi sosai, duk da haka ya buɗe mata ƙofa. Wancan gari yana cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Yana da takwara a Amurka, babban birnin da William Penn ya kafa a 1682, ma'anar sunan kuwa ita ce ƙaunar 'yan'uwa. Labarinmu daga wannan na biyun ya fito.

A yammacin birnin akwai unguwannin da yawancin mazaunansu baƙar fata ne, da dama kuma masu ƙaramin ƙarfi. A 1996 ƙungiyar mahaya keke ta yankin ta fara wani shiri na tattara tsofaffin kekuna domin yara su gyara. A 1999 shirin ya tsaya da ƙafarsa da sunan Neighborhood Bike Works. Ba ƙungiyar addini ba ce. Amma inda ta yi shekaru masu yawa tana aiki shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata tsohuwar majami'a mai suna St. Mary's, ta ɗarikar Efiskofal, 'yan'uwan Angilika, a cikin harabar Jami'ar Fensilbeniya. A sama ana sujada, a ƙasa ana bugun ƙarfe. Har lokacin da ake buɗe wa manya wurin domin su gyara nasu kekunan da hannunsu aka sa masa suna Bike Church, wato cocin keke. Sai a 2015 suka tashi zuwa shagonsu na kansu a titin Lancaster.

Yadda aikin yake tafiya shi ne abin da muke so a lura da shi. A can, yaro yakan girma ya fi ƙarfin kekensa, ko babba ya sayi sabo, sai a jingine tsohon a bayan gida har ya yi tsatsa. Irin waɗannan ne ake kawowa kyauta. Masu aikin sa kai su tantance: wannan zai gyaru, wannan sai dai a cire masa feda, sirdi da sarƙa a ajiye domin wani. Wasu a gyara a sayar, kuɗin ya shiga hidimar wurin. Yaron unguwa da ke son keke kuwa ba a miƙa masa shi haka kawai. Zai yi makonni yana zuwa bayan an tashi makaranta, ya koyi cire taya, ya koyi yin faci, ya koyi ɗaure birki da sa wa boris giris, ya kuma koyi dokar hanya. Keken da ya gyara da hannunsa shi ne zai hau ya tafi da shi gida, tare da hular kwano da makulli.

To, ina ruwanmu da wannan? Mu ƙananan ikilisiyoyi ne. A garuruwa da yawa inda muke, ana iya ƙirga gidajen masu bi da yatsun hannu. Baikon Lahadi da ƙyar yake ɗaukar mai bishara. Kuma gaskiya ne, a wurinmu ba a yar da keke kamar yadda ake yi a can. Amma a tuna, tun da babura masu araha suka cika ƙasa, kekuna nawa ne aka rataye a zaure ko aka jingina a gindin rumbu? Raleigh da Phoenix ɗin da iyayenmu masu bishara suka yi ta ratsa ƙauyuka da su, yawancinsu suna nan, taya ce ta mutu, sarƙa ce ta tsinke. A gefe guda ga yaran da ke tafiyar awa guda a ƙasa zuwa makarantar sakandare, su isa a gajiye, a kuma tare su a bakin ƙofa domin sun makara.

Za mu faɗa muku kuskurenmu domin kada ku maimaita shi. Da muka fara a ikilisiyarmu, mun tara kekuna huɗu, muka biya mai gyara ya tashe su, ranar Kirsimeti muka kira yara huɗu gaban jama'a muka ba su, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Kafin Ista, ɗaya an sayar da shi an sayi hatsi. Ba mu ga laifin mahaifin ba, shekarar ta yi wuya. Biyu sun yi faci an ajiye su, domin yaran ba su san yadda ake buɗe taya ba, kuma suna jin nauyin dawowa su ce kyautar coci ta lalace. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, duka huɗun 'ya'yan membobi ne. Yaran maƙwabta suna leƙe ta taga suna kallo. Maimakon mu matso kusa da unguwa, sai muka ƙara wa katangar da ke tsakaninmu tsawo.

Da muka sake shiri, mun roƙi dattawanmu ɗakin ajiya, inda karyayyun bencina da tsofaffin ganguna suke. Ba su yarda nan da nan ba, kuma tambayoyinsu masu nauyi ne. Baba sakatare ya ce, in aka kawo keken sata fa, sunan wa zai ɓaci? Saboda haka ba ma karɓar keke sai daga hannun mai shi, a rubuta a littafi, da shaida. Wani dattijo ya ce za mu kashe wa mai gyaran keke na bakin kasuwa sana'a. Sai muka je wurinsa, dattijo ne Musulmi, muka roƙe shi ya zama malamin yaran ranar Asabar, muna ba shi ɗan abin da ya samu, kayan gyara kuma a wurinsa muke saye. Shi ya nuna mana cewa rabin abin da muke kira mataccen keke, wanki da mai kawai yake bukata.

Tambaya ta uku ita ce mai wuyar, kuma kun san ta kafin mu faɗa. A wurin da muke 'yan tsiraru, in aka ga yaran unguwa suna shiga harabar coci, za a ce da keke ake sayen su. Wannan zargi yana iya jawo fitinar da ta fi ƙarfinmu. Wasu daga cikinmu kuma, a nasu ɓangaren, suna ganin in ba za a yi wa yaran wa'azi ba, asarar lokaci ce. Mun daɗe a kan wannan. Abin da muka tsaya a kai shi ne, ba a karɓar yaro sai mahaifinsa ko mai riƙonsa ya zo da kansa ya ga wurin ya yarda. Mun sanar da mai unguwa tun kafin mu fara. Aikin a waje ake yinsa, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda mai wucewa zai gani, ɗakin na ajiyar kaya ne kawai. In lokacin salla ya yi, masu salla su tafi su dawo. Ba ma ɓoye ko mu su wane ne, mu masu aikin mukan yi addu'armu kafin yara su iso, amma keken ba ƙugiya ba ce. A ganinmu, in muka sa sharaɗi a ɓoye, mun yi ƙarya ga maƙwabcinmu, ƙarya kuwa ba ta zama shaida. A Markus 10 almajirai ne suka tsaya tsakanin yara da Ubangiji, da kyakkyawar niyya kuwa suka yi, shi ya sa muke tsoron kanmu fiye da yadda muke tsoron mutanen waje.

Akwai abin da bai warware ba tukuna. 'Yan mata ba sa zuwa, alhali su ne suka fi fama da nisan makaranta da na rijiya. Iyaye ba za su bar su cikin samari ba, mu ma ba za mu so haka ba. Muna roƙon zumuntar mata su ba mu mutum biyu da za su koyi aikin, a ware wa 'yan mata tasu ranar.

Ga roƙonmu gare ku, iyayenmu. In kun koma gida, ku duba ɗakin nan da yake kulle kwana shida a mako. Ku tambayi iyalan tsofaffin masu bishara ko za su saki keken Baba. Kayan farawa ba su da yawa: sifana ƙanana da manya, filaya, famfo ɗaya, gam da robar faci, giris, da bokitin ruwa na neman inda tub ya huje. Mutum ɗaya amintacce ya riƙe makulli da littafi, kada a taɓa barin babba ɗaya shi kaɗai da yara. Wanda yake son ganin littafinmu, mun zo da shi, yana kan teburin da ke bakin ƙofa. Ubangiji ya ba mu hikima.