An Ba Ka Gurbi, Ina Kuɗin Rajista?



Ranar da sunana ya fito a jami'a, gidanmu har da guɗa. Da aka ji kuɗin rajista kuwa, kowa ya yi tsit. Sai da Umma ta sayar da tumakinta biyu. To kai da ka samu gurbi bana, ga ƙofofi uku.

Ta farko, bashin NELFUND na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a ciki. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, kuma za ka iya neman naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Tanadi lambar JAMB, NIN da BVN. Amma fa bashi ne! Shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya, kashi 10 cikin 100 na albashinka. Neman kyauta ne, duk wanda ya ce kawo kuɗi ya cike maka, ka yi hattara.

Ta biyu, hukumar tallafin karatu ta jiharku. Je da takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, ka tambaya da bakinka.

Ta uku, sana'a. Ni ɗinkin hula ne ya ciyar da ni, adashe ya biya min rajistar aji biyu.

Waɗannan duk sukan ɗau lokaci. Don haka tun yau ka zauna da iyayenka ku yi lissafin kuɗin farko, kar wa'adin rajista ya wuce ka.

Allah Ya ba da sa'a. Sai mako mai zuwa.