Wasiƙun Palmer da Joyce: Waƙoƙin da Suka Kwana a Akwati



An ce in yi magana a kan adabi, kuma kada in tsawaita. To, labarin mutum biyu zan ba ku, da wasiƙun da suka shiga tsakaninsu.

Na farko da yawanku kun ji sunansa a aji, wato James Joyce, marubucin ƙasar Ailan. A 1907 aka buga masa ɗan littafi a Landan mai suna Chamber Music, rubutattun waƙoƙi 36. Lokacin yana zaune a Trieste, yana koyar da Turanci, bashi ya yi masa katutu. Na biyu kuwa, Geoffrey Molyneux Palmer, ba na zaton akwai wanda ya san shi a zauren nan. An haife shi a Ingila a 1882, amma asalinsa ɗan Ailan ne, can kuma ya koma da zama. Sana'arsa tsara kiɗa, ya kuma yi karatu a hannun Charles Stanford.

Littafin na fitowa, Palmer ya rubuta wa Joyce yana neman izinin sa wa waƙoƙin karin murya, yadda za a rera su da fiyano. Joyce ya yi murna ƙwarai. Kada ku manta shi ma mawaƙi ne mai zaƙin murya, har lambar tagulla ya ci a gasar waƙa ta Dablin a 1904. A 1909 ya rubuta wa Palmer cewa yana fata ya gama littafin duka, domin da ma don rerawa ya tsara shi. Palmer ya yi wa 32 daga cikin 36 kiɗa. Daga baya Joyce ya gaya wa ɗansa Giorgio a wasiƙa cewa duk cikin waɗanda suka yi wa waƙoƙinsa kiɗa babu kamar Palmer.

To, ga inda abin yake da ciwo. Joyce ya yi ta matsa masa a buga su, har ya samo mai bugawa a Faris. Palmer ya yi ta jan ƙafa. Gaskiya ne yana fama da ciwon jijiyoyi wanda ya kai shi ga keken guragu, 'yan'uwansa mata ke jinyarsa. Wasu masana na ganin kunya ce ta hana shi, don bayan fitowar Ulysses a 1922 sunan Joyce ya zama abin tsegumi a Ailan. Ni dai a ganina uzurin bai kai asarar ba.

Joyce ya rasu a 1941, Palmer a 1957. Takardun suka ƙare a ɗakin karatun wata jami'a a jihar Illinois ta Amurka, har Myra Russel ta tono su, aka buga su a 1993, shekara 36 bayan rasuwar mai su.